Ranar da Aka Gane Baffana a Cikin Labarina

Ban taɓa mantawa da ranar da na kai labarina na farko gwaji a unguwar Shahuci ba, wata Laraba cikin damina, a tsakiyar shekarun alif ɗari tara da hamsin. Ku matasa masu kawo mana rubutu, gara ku ji shi daga bakina, kafin wani ya ƙara masa gishiri.

A lokacin ni ƙaramin akawu ne a wani ɗan ofishin ɗab'i na masu bishara a Sabon Gari, inda muke buga ƙananan littattafan labarai don manya masu koyon karatu. Ƙa'idarmu ita ce ba a buga labari sai an gwada shi. Akawu zai ɗauki rubutun ya shiga birni, ya karanta wa mutane a fili, ya rubuta inda suka yi dariya, inda suka yi hamma, da kalmar da ba su gane ba. Sannan babban editanmu, Malam Istifanus, ya sa hannu ko ya hana. Ni ake aikawa, don ni haifaffen unguwar Sheshe ne a cikin birni. Baffana Sani, majemi, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina, shi ne kuma ya fitar da akwatina ƙofar gida ranar da ya ji an yi mini baftisma. Shekara huɗu ke nan ba mu yi magana ba.

Wurin gwajina zauren Malam Habu ne, mai ɗinkin hula a Shahuci, inda maɗinka biyar ko shida suke zama. Sun san na zama Kirista, suna kuma yi mini tsiya a kai, amma ba su taɓa hana ni tabarma ba. Labarin da na kai ranar nawa ne, na wani mugun majemi mai suna Tanko, wanda ya kori maraya, daga baya ya faɗa ramin jima ya mutu ba mai kuka. Ni a ganina wa'azi ne na gaske, har na fara jin kaina marubuci. An kuma yi mini alkawarin zai shiga littafin da za a buga a ƙarshen wata.

Na karanta, ba wanda ya yi hamma. Da na zo inda Tanko yake gyaran murya sau biyu kafin ya ce a'a, sai na ga allurai sun tsaya. Da na gama, Malam Habu ya ce, "Yohanna, ai wannan Malam Sani ne. Suna kawai ka canza masa."

Na ce ƙagaggen labari ne, ba kowa a ciki.

Ya ce, "To, ƙagaggen nan naka, duk ranar da ka zo karatu, washegari sai ya biyo ta nan. Ba ya zama. Daga bakin ƙofa yake tambaya, 'Yaron nan ya rame?' In ce bai rame ba, ya wuce. Wannan ban ji shi a takardarka ba."

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa idona. Na hau kekena na koma ofis, kuma tun da doka ce a rubuta abin da masu sauraro suka faɗa, na rubuta.

Malam Istifanus dattijo ne mai sanyin magana, irin wanda faɗansa ya fi bulala zafi don ba ya ɗaga murya. Ya karanta labarin, ya karanta rahoton, ya cire tabarau. Na riga shi magana, na ce ai duk abin da na rubuta ya faru, ban da mutuwar.

Ya ce, "Na yarda. Amma mai shaidar da ya faɗi rabin gaskiya don a kama mutum, shaidar zur ya yi, ko a gaban alƙali ko a cikin tatsuniya. Ɗana, marubuci halitta yake kwaikwayo. Kai ka yi Tanko ne don ka jefa shi rami. Da haka Allah ya yi mu, da wa zai tsira? Mun ce Almasihu ya mutu domin masu zunubi. Tanko yana cikinsu, ko ka cire shi?"

Na tambaye shi ko so yake in mai da Tanko mutumin kirki. Ya ce a'a, wannan ma wata ƙaryar ce. Ya kori maraya, a bar shi ya kore shi, amma a nuna mutum ne ya yi korar, mai zuciya, mai abin da yake tsoro. Bai sa hannu ba. Littafin wannan wata ya fita babu sunana, kuma na ji zafin hakan sosai.

Wata uku na yi ina gyara. Tanko bai mutu ba, bai kuma tuba ba. Na bar shi tsaye a ƙofar wani zaure yana tambayar lafiyar yaron da ya kora. Maɗinka suka yi ta gardama a kansa har la'asar, wasu na ganin laifinsa, wasu na jin tausayinsa. Malam Istifanus ya ce labarin da aka yi gardama a kansa ya rayu, ya sa hannu.

Da aka buga, Malam Habu ya kai wa Baffa guda ɗaya ba tare da ya shawarce ni ba. Zuwana na gaba ya ba ni saƙo. Wai Baffa ya sa an karanta masa har ƙarshe, ya yi gyaran murya sau biyu, ya ce, "Gaya wa yaron nan ba a sa fata a bagaruwa sai ta sha toka an kankare gashin. Ya girma a majema ya rubuta shirme. Ya zo ranar Asabar ya gani da idonsa."

Na je. Bai bar addininsa ba, ban bar nawa ba, amma mun ci tuwo a kwano ɗaya, kuma muka ci gaba da haka har ƙarshen ransa.

Abin da aikin nan ya koya mini ke nan. Imanin marubuci ba a wa'azin da ya liƙa a ƙarshen labari ake ganinsa ba, a yadda ya riƙe mugun cikin labarin ake gani. Shi ya sa in kun kawo mini rubutu nake fara tambayarku wa yake son wannan mugun naku. In kun ce ba kowa, sai in mayar muku da takardarku, don ba ku gama saninsa ba tukuna.