Malam Datti Mai Rumbun Iri, Gonarsa Na Jingine

Shekara ashirin da huɗu, da an sallame asuba a Gwarzo za ka ga Malam Datti ya nufi rumbun iri na En'e, wato hukumar gargajiya, makulli a wuya, mudu a hammata. Ya zaga ginin ya duba ko gara ta taso, ya cusa hannu cikin buhu ya shinshina. Aikinsa ke nan: da bazara ya ranta wa manoma gero da dawa na shuka, da kaka ya karɓa.

Sai dai awonsa ba na takarda ba ne. In zai bayar, sai mudu ya yi tsororuwa; in zai karɓa, sai ya sa tafi ya shafe. Inna Yelwa, wata tsohuwa a Lakwaya, ta ce mini shekarar da ruwa ya ɗauke ta zo masa da rabin abin da ta ranta. Ya leƙa ƙwaryar ya ce, "Juye, Inna, ya cika." Ya cika ina! Kowace kaka da hatsin gonarsa ta Gude yake toshe irin wannan giɓi, bara kuwa gonar ba ta yi ba.

To, bana aka ce ya huta, fansho na tafe daga Kano, amma sai an auna rumbu kafin a sa hannu. Malamin da aka aiko ya auna har sau biyu: buhu tara babu. Ya ce, "Baba, kwana bakwai na ba ka. In na dawo ban tarar ba, ba ni zan yi magana ba, alƙali ne." Jama'a, kun san abin da ake yi wa ma'aikacin da kaya suka yi giɓi a hannunsa. Fansho ya tafi, a ɗaura masa igiya a ƙugu, a bi da shi ta tsakiyar kasuwa. Dattijo da furfurarsa!

Ya taka har Kabo wajen Alhaji Sajo mai sayen gyaɗa, ya karɓi fam goma sha biyu, ya jinginar da gonar, gadon ubansa, ita kaɗai gare shi. Aka yi sharaɗi gaban shaidu: in ruwan shuka ya sauka kuɗi ba su dawo ba, Alhaji ne zai noma ta bana.

Matarsa Sabuwa ta ce, "Malam, baki tara ne a gidan nan. Me za mu ci?"

"Kuɗin Kano na hanya."

"Wace irin hanya ce wannan, Malam?"

Ya sayi hatsi, rumbu ya cika, aka sa hannu. Yau wata uku. Duk ranar da wasiƙu suka iso yana ƙofar ofishin hakimi, kullum "tukuna, Baba". Ga gabas ta fara haɗa hadari. Kowa na wasa fartanya, ban da shi. Sabuwa ta ce da zarar iska ta kaɗo ƙamshin ƙasa sai ya ajiye lomarsa. Ban taɓa ganin manomin da ke tsoron ruwan sama ba sai shi, kuma wallahi abin ya tsaya mini a rai.

Malam Datti, mai buɗaɗɗen hannu, kai ne ka hana gonaki da yawa kwana ba iri, ba ka taɓa kunyata mai ƙaramin ƙarfi a bainar jama'a ba. Mun gode, Allah Ya saka maka. Masu riƙe da kayan jama'a, ku yi koyi da shi. Ku kuma da hatsinku ya fito daga irinsa, kun san ƙofar gidansa, kada ku jira Kano.

Jiya da la'asar aka yi yayyafi. Na same shi a gonar, durƙushe, yana tona ƙasa da yatsa. Ya ɗago ya ce, "Bai kai na shuka ba, ko? Duba mini, idona ba ya gani sosai."

Na durƙusa na tona. Danshi ya bi yatsana har ƙasa.