Empin da Yusha'u Mai Inji Ya Saya wa Turai

Duk wanda ya tashi a Tudun Kaya ya san Yusha'u mai inji. Wanda bai riƙe sunansa ba ma ya san dogon mutumin nan da gari ya rufe wa gira da gemu, wanda ke tsaye a rumfar niƙa tun hantsi har rana ta yi sanyi. Yana ɗan shekara goma sha bakwai kawunsa ya kawo injin, ya sa shi zuba hatsi. Da kawun ya rasu, rumfar ta zama tasa. Yau shekara arba'in da ɗoriya ke nan yana tsaye a wuri ɗaya, ya canja inji sau uku, amma bai taɓa canja sana'a ba.

Injin ya ciyar da shi, ya aurar masa da 'ya'ya, kuma shi ne ya cinye masa kunne. Na dama ya fara tafiya, na hagu ya biyo baya a hankali. Shi kansa bai san ranar da abin ya soma ba. Ya dai lura mutane sun daina kiransa daga nesa, sai su zo su dafa kafaɗarsa, su ɗaga yatsu su nuna kwano nawa suka kawo. Wata rana kuma ya ɗaga kai ya ga jama'a na fitowa daga masallacin da ke gabansa, an idar da azahar bai ji ko kiran salla ba.

Mutum ɗaya ce kawai maganarta ke isa gare shi ba wahala, matarsa Turai. 'Yar Daura ce, nan cikin ƙasar Karaye, mai sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, kuma Allah ya ba ta murya. Idan ya dawo gida ya zauna kan tabarma, sai ta jawo kujera 'yar tsuguno ta zauna ta hagunsa, ta kawo baki kusa da kunnensa, ta kwashe labarin gari ta zuba masa. Wance ta haihu, wane ya sayar da gonarsa, rediyo ta ce za a yi ruwa da wuri. Maƙwabta kan yi dariya su ce gidan Yusha'u ba a ɓoye komai, don ko cefane za a tattauna sai an ji har bayan katanga. Haka suka yi shekara talatin da huɗu.

Bara waccan, lokacin cirar gyaɗa, Turai ta sunkuya da hantsi za ta ɗauki ƙwarya, ta kife a wurin. Aka kai ta asibiti a Kano, likitoci suka ce hawan jini ne ya shanye mata ɓarin dama. Bayan mako uku aka dawo da ita gida a kwance. Hankalinta na nan garau, idonta na bin kowa, har magana ta dawo mata kaɗan, amma sai da raɗa, kalma biyu ko uku ta gaji. Yusha'u kan sunkuya ya manna kunnensa na hagu a bakinta. Ɗumin numfashinta kawai yake ji. Sai ya ɗago ya ce, "To."

Masu zuwa dubiya suka riƙa yaba haƙurinsa. Shi dai bai san ko haƙuri ba ne. Bai yi kuka a asibiti ba, bai yi a gida ba. Da safe yakan tayar da ita zaune, ya jingina ta da filo, ya ba ta koko da cokali. Ƙanwarta Ikilima, da ke aure a bayan layinsu, ta zo ta yi mata wanka ta ɗora girki. Shi kuma ya tafi rumfa ya tayar da inji. Idan ya leƙo da azahar sai ya tarar da ita yadda ya bar ta, idonta a kan azarar ɗaki. Ya gyara mata mayafi, ya tsaya jim, ya koma. Abinci yakan ci don lokacin ci ya yi, bai cika sanin me aka dafa ba.

Autarsu Bushra, wadda ke aure a Rogo, ita ce ta kawo maganar empi. Ta zo ta wuni, da za ta tafi ta same shi a zaure, ta durƙusa ta hagunsa ta ɗaga murya.

"Baba, shirun nan ya yi wa Inna yawa. Daga safe har yamma ba abin da take ji sai kukan kaji. Na ba ta wayata ta kasa, yatsanta zamewa yake a kan gilashin."

"To me za a yi?" in ji shi.

"Empi za ka samo mata, irin wanda ake sa wa memori a zuba waƙoƙi da karatu. Ka je wurin Ɗanmaliki a kasuwarmu. Ni zan iya saya, amma na fi son ya fito daga hannunka."

Ya ce to. Kasuwar Rogo ta ci sau biyu bai je ba. Ba mantawa ya yi ba, kuma ba ƙi ya yi ba, kwanakin ne kawai suke wucewa iri ɗaya. A kasuwa ta uku ya rufe rumfa, ya yi wanka ya sa farar riga, ya hau acaɓa.

Ɗanmaliki mutum ne mai ƙiba da fara'a, teburinsa cike da rediyoyi da fitilu da wayoyin caji. Bayan sun gaisa, Yusha'u ya faɗi abin da ya kawo shi. Nan da nan mai kaya ya jero masa guda uku. Na farko ɗan mitsitsi ne kamar kwalin ashana, ba ya magana sai an saƙala masa waya an cusa a kunne. Na biyu dogo ne mai nauyi, fitilu ja da shuɗi na zagaye bakinsa. Na uku kuwa bai wuce girman sabulun wanki ba, baƙi, da igiyar ratayawa da madannai huɗu manya a gaba.

Ɗanmaliki ya kunna dogon, ya ƙure murya har masu wucewa suka waiwayo. Yana magana yana kaɗa kai, yana nuna lasifikar da yatsa. Yusha'u ya tsaya yana kallon bakinsa har ya gama.

"Malam, ka yi haƙuri," in ji Yusha'u. "Ba na ji. Sai ka zo ta nan ka ɗaga murya."

Ɗanmaliki ya yi sororo, ya kashe abin, ya zagayo tebur ya tsaya ta hagunsa. "Allah sarki, Baba, ban sani ba. To wa za ka saya wa?"

"Iyalina. Tana kwance. Hannu ɗaya ke gare ta, na hagu."

Daga nan Yusha'u ya cusa hannunsa na dama cikin aljihu, ya shiga gwada su ɗaya bayan ɗaya da hagu kaɗai. Ƙaramin ya suɓuce masa sau biyu, wayar kunnen ta harɗe, ya ajiye shi gefe. Dogon ya ɗaga ya ji nauyinsa, ya tuna yadda cokali ma ke rawa a hannunta, ya mayar. Baƙin ya zauna daidai a tafinsa, babban yatsa na kaiwa kan kowane madanni. Ya tambayi wanne ne na kunnawa, wanne ne na wucewa gaba, kwana nawa cajinsa ke yi, in batirin ya mutu ana samun wani. Ɗanmaliki ya buɗe bayan ya nuna masa, irin batirin ƙananan wayoyi ne, ko'ina akwai.

"Kunna shi," in ji Yusha'u.

Aka kunna, ya kife lasifikar a tafin hannunsa, ya lumshe ido. Da hannu yake sanin lafiyar injinsa tun da kunne ya tafi, in ƙusa ta kwance ko bel ya saki, a jikin ƙarfen yake ji. Ya daɗe a haka, sannan ya miƙa wa mai kaya.

"Wannan akwai abin da ke karkarwa a ciki. Ba ni wani."

Ɗanmaliki ya kara a kunnensa, ya saurara, ya dubi Yusha'u. Ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya ciro sabo a kwali. Wannan ya yi daidai. Suka daidaita a kan kuɗi ba tare da ja-in-ja ba.

Sai Ɗanmaliki ya jawo kwamfutarsa, ya zare ɗan memori daga leda, ya sake matsowa. "To Baba, me za a zuba mata? Me take so?"

Yusha'u ya san Turai na waƙa. Ya sha ganinta tana murza tunkuza, jijiyar wuyanta a miƙe, kanta na rangaji, bakinta na motsi. Ya sha ganinta ta kara kunne a rediyo tana murmushi. Amma wace waƙa ce, ta wa ce, bai taɓa tambaya ba, ita ma ba ta taɓa kawo wannan cikin labaran da take zuba masa ba. Ya tsaya yana jira ko zai ji kunya ko baƙin ciki, ba ɗayansu da ya zo. Ji ya yi kamar an tambaye shi hanyar wani gari da bai taɓa zuwa ba.

"Ban sani ba," ya ce.

Ya cire hularsa, ya zaro 'yar takarda mai lambar Bushra. Ɗanmaliki ya kira da wayarsa, ya yi ta gyaɗa kai yana cewa na'am, sannan ya juyo ya isar da saƙo da ƙarfi. "Ta ce amada, irin ta da, wadda mata ke kaɗa ƙwarya. Sai bege. Sai karatun Alƙur'ani, a fara sa shi a gaba. Ta ce kada in sa mata na yaran zamani." Aka zuba, aka mayar cikin kwali. Yusha'u bai biya gidan 'yarsa ba, ya wuce tasha.

Ana kiran la'asar ya shiga gida. Ikilima na tsakar gida tana tankaɗe. Ya shiga ɗaki ya zauna bakin katifa, ya buɗe kwalin, ya rataya wa Turai igiyar a wuyan hannu, ya ɗora babban yatsanta a kan madanni na farko ya danna tare da ita. 'Yar fitila kore ta kama. Ya zuba wa fuskarta ido. Ba abin da ya canja sai idonta da ya sauko daga azara ya dawo kan abin da ke hannunta. Ikilima ta faɗo ɗakin da gari a hannu, tana nuna masa a rage, ashe a ƙure yake. Ta rage da kanta. Turai ta kashe, ta kunna, ta sake kashewa, ta sake kunnawa. Ta danna na wucewa sau da yawa har ta tsaya a kan wata. Bakinta ya motsa, ya sunkuya ya kara kunne, ya ɗago ya ce, "To." Sannan ya fita ya yi alwala.

Wata takwas ta yi da empin nan. Duk bayan kwana biyu Yusha'u kan kai shi wurin masu caji in zai fita, ya karɓo da azahar. Zanen da ke kan madannan ya goge saboda dannawa. Matan unguwa da suka rage zuwa suka dawo, don yanzu akwai abin da za a zauna a saurara tare ba sai an nemi abin faɗa ba. Ikilima ta taɓa gaya masa cewa akwai wata waƙa guda da yayarta ke bi da raɗa daga farko har ƙarshe, ba ta tsallake baiti ko ɗaya, alhali sunan 'ya'yanta ma sai ta yi da ƙyar. Ya tambaya me waƙar ke cewa. Ikilima ta rera masa da ƙarfi a kunne, ya kama kalma biyu, sauran suka wuce.

Turai ta rasu da damina, wata Laraba da hantsi. Yana rumfa yana niƙa masara, mijin Ikilima ya shigo, bai dafa shi ba, ya miƙa hannu ya kashe injin. Yusha'u ya dube shi, ya kakkaɓe rigarsa, ya bi bayansa. Shi ya shiga kabari ya karɓe ta tare da babban ɗansu Sanusi, wanda ke aikin tela a Kano. Ya zauna karɓar gaisuwa kwana uku, yana amsa "Amin" duk lokacin da ya ga an shafa. Da aka zo raba kayanta, Ikilima ta nemi a bar mata empin, ba wanda ya hana.

Kafin Sanusi ya koma, ya zaunar da uban ya ce akwai asibitin kunne a Kano, ana auna mutum a ba shi 'yar na'urar da ake maƙalawa, ya ga wani dattijo a layinsu da ita kuma yana ji. Ya rubuta masa sunan wurin da ranar da likita ke zama, ya ce duk ranar da ya shirya ya sa a kira shi, zai tare shi a tasha. Yusha'u ya karɓa ya ce sai an gama girbi, don lokacin aiki ne.

An gama girbi, an kai dawa rumbu, har an fara kai taki gona. Sanusi ya aiko sau biyu ta bakin Bushra. Yusha'u bai ce ba zai je ba, ya dai ce a gaishe shi da yara.