Lita Hamsin

Aikina a Doha ɗaura hita ne, tukunyar nan ta lantarki da ke ɗumama ruwan wanka. Shagonmu yana Sanaiya, amma gidajen Mu'aizir muka fi yi wa aiki. Ina ji da kaina a sana'ata, ba zan ɓoye ba. Kafin in ɗaura sai na ƙirga kawuna, na ji banɗaki nawa ne, da wane lokaci ake wanka. Babbar hita a ƙaramin gida cin wuta ce kawai, ƙarama a babban gida kuwa kullum rigima.

Da hitar masaukinmu ta lalace, mai kula da wurin ya ce in faɗi girman da za a sayo. Mu shida ne a ɗaki. Na bi kowa da tambaya kamar ma'aikacin ƙidaya, har na zo kan wani dattijo mai gadi, mutumin Katsina, wanda muke ce wa Baba.

"Baba, ruwa kamar nawa kake wanka da shi?"

"Haba injiniya, ni ai ɗan kaɗan ya ishe ni. Ji da na 'yan'uwanka."

Sai na rubuta ɗan kaɗan. Ni da aka haifa cikin mutanen nan, na san sarai dattijo ba zai buɗe baki ya ce a ƙara masa ba, amma na ɗauki kawaicinsa na sa a lissafi. Na ce a sayo mai lita hamsin, ina ta hura hanci wai na rage cin wuta.

Wanda bai zauna a Doha ba dariya zai yi in an ce masa sanyi. Amma a watan Janairu ruwan famfo da safe har ƙashi yake ratsawa. Mu muna rige-rigen banɗaki, direban bas ɗin aiki yana ta "yalla, yalla" a waje, wai mu yi sauri. Baba kuwa ko shi ya fara tashi, sai ya zauna da carbinsa ya ce mu shiga. Kafin layi ya zo kansa ruwan zafi ya ƙare. Da bazara kuma tankin saman rufi yakan yi zafi kamar an hura masa wuta, sai mu kashe hita, ruwan cikinta ya zama shi ne mai sanyi. Shi ma mu biyar muke ƙarar da shi.

A sanyi na biyu ya fara tari. Wata safiya na manta agogona a banɗaki, na koma bayan ya fito, na murɗa famfon zafi in wanke hannu. Ƙanƙara. Na juyo na gan shi yana rawar ɗari, yana ƙoƙarin ɓalla maɓallin rigar gadi, yatsunsa sun ƙi.

"Baba, tun yaushe?"

"Bar shi, ɗana. Ai ruwa ruwa ne."

Kunya ta kama ni, da haushin kaina, har da haushinsa shi ma. A ranar na nemi a sayo mai lita ɗari, amma sai da aka yi mako uku ana jiran sa hannun kamfani. Kafin nan likita ya ce ƙirjinsa ba zai ƙara ɗaukar tsayuwar gadi ba, kamfani ya ce khalas, wato shi ke nan, aka yanka masa tikitin gida. Ban ce ruwan ne ya jawo ba, ba ni da ilimin da zan ce haka. Amma har yau zuciyata ba ta wanke ni ba.

Ana gobe zai tafi na ɗaura sabuwar. Da safe muka haɗa baki muka ƙi shiga, muka ce sai shi ya fara. Ya yi ta musu, da kyar ya yarda. Ya daɗe a ciki. Da ya fito tururi na bin sa, ya dube ni yana murmushi.

"Injiniya," ya ce, "ashe haka kuke ji kullum."

Wata biyu da komawarsa aka kira mu aka ce ya rasu.