Ranar da Muka Tafa wa Khala Maryam

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Khala Maryam, matar kawuna Sale. Duk shekara ina cewa zan rubuta wani abu a kanta, sai hannuna ya yi nauyi. Bana dai na zauna.

Ba'amurkiya ce, baƙar fata, doguwa, mai muryar da ake ji tun daga ƙasan bene. Kafin ta musulunta 'yar wasa ce. Ta fara a dandamali, daga baya ta shiga wani wasan talabijin mai dogon zango, irin wanda za a haifi yaro a ciki ya girma ya yi aure wasan bai ƙare ba. Shekara da shekaru tana fitowa a matsayin ma'aikaciyar jinya. Sai ta ajiye komai ta zo aikin hajji, ta shiga shagon Kawu a unguwar Utaibiyya ta Makka sayen carbi, Allah ya haɗa jininsu. Mu da aka haifa a Makka mun ga baƙi iri-iri, amma ba mu taɓa ganin wadda kuka ne sana'arta ba.

Da farko ba ta son a tayar da zancen baya. Ni ce na dame ta, don ni ba na gajiya da naci, kowa a gidanmu ya san haka. Ranar Alhamis bayan la'asar matan gida kan taru shan shayi, a nan ta fara nuna mana yadda ake mutuwa a wasa. Ta ce a dandamali dole wanda ke kujerar ƙarshe ya gani, sai ki dafe ƙirji, ki yi tangaɗi, ki zube gaba ɗaya. A talabijin kuwa ido kaɗai ke mutuwa. Tun daga nan ya zama al'ada. Da an kwashe kofuna sai wata ta ce, "Ya Khala, mutu mana." Tana da doka ɗaya: ba mai taɓa ta, kuma ba za ta tashi ba sai an tafa. Goggo Hauwa, yayar babanmu, kullum tana faɗan wasa da mutuwa a maƙwabtan Ɗakin Allah, amma ita ke fin kowa dariya.

Alhamis ɗin da nake magana, ba mu daɗe da gama aikin girki na alhazai a Arfa ba, kowa a gajiye yake. Khala ta ce kanta na sarawa, a ƙyale ta yau. Amma wata ƙawata ta zo daga unguwar Hindawiyya, na riga na cika mata baki. Na ce, "Haba Khala, sau ɗaya bas, ɗaya tak, kada ki kunyata ni." Ta dube ni, ta yi murmushi, ta miƙe.

Taku biyu ta yi ta faɗi. Ba ta dafe ƙirji ba, ba ta yi tangaɗi ba. Na ce da ƙarfi, "Wallahi wannan ta fi duka!" Muka tafa. Da ba ta tashi ba muka ce ƙari take so, muka ƙara, har da guɗa. Goggo Hauwa ce ta lura mayafinta ya zame gashinta a waje. Khala ko a tsakiyar wasa hannunta ɗaya na riƙe da mayafi. Goggo ta daka mana tsawa: "Halas! Ku bari! Wannan ba wasa ba ne, ku kira mota!"

Likita ya ce jijiya ce ta fashe a kanta, ko a ƙofar asibiti ta faɗi da wuya a yi wani abu. Mutane suna maimaita mini wannan don hankalina ya kwanta. Na gode musu, sai dai ba shi ne ke damuna ba.

An sallace ta a Harami tare da sauran gawawwakin ranar, ba a ambaci sunan kowa ba. Kabarinta ba alama, kamar na kowa a garin nan. Kawu bai ƙara shekara biyu ba ya bi ta.

Yanzu kuwa fuskarta ta dawo. 'Yata Asma'u ta tsinci wasan nan a wayarta, ga Khala tana budurwa, da farar riga, tana magana da Turancin da ba na ji. Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga zamanin nan, da kowace yarinya ta kafa waya a gabanta tana kukan ƙarya. Ina jin za ta ce ba su iya ba, numfashinsu ke tona su. Ko za ta ji kunya duniya na kallon kanta a buɗe, wannan ban sani ba. Sau ɗaya na kalla. Na gan ta zaune a bakin gadon wani tsoho da ke mutuwa, ta riƙe hannunsa tana yi masa raɗa a kunne. Na miƙa wa Asma'u wayarta na shiga ɗaki.

Khala ta bar 'ya ɗaya a Amurka daga aurenta na fari. Duk shekara tana aiko da saƙo, Asma'u na fassara mini. Kullum amsata ɗaya ce: mahaifiyarki ta cika a cikin 'yan uwa, ba ta sha wahala ba. Bana sai ta tambayi abin da ba ta taɓa tambaya ba. Ta ce, mene ne abu na ƙarshe da mahaifiyata ta ji?

Kwana uku ina juya maganar. Daga ƙarshe na ce wa Asma'u ta rubuta gaskiya: tafin da muka yi mata ne ta ji. Amsa ta zo cike da godiya. Ta ce ta yi kukan daɗi, ta ce ba 'yar wasan da za ta roƙi abin da ya fi wannan.

Idan aka tambaye ni me ya rage na Khala, zan ce duniya ta riƙe fuskarta, 'yarta ta sami labarin da za ta rayu da shi, mu kuma mun riƙe kirkinta da dariyar da ta ba mu. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Amma ni na rasa inda zan ajiye godiyar yarinyar nan. Matar nan ta bar tafi ta ƙetaro duniya don ta mutu a Makka da kalmar shahada a kunnenta. Akwai abin da ban sa an rubuta wa 'yarta ba. Lokacin da take kwance leɓenta na motsi, na gani da idona, na ɗauka cikin gwanintar ne. Mu shida ne a ɗakin, kowaccenmu ta iya kalmar tun tana goye, kuma ba wadda ta sunkuya ta taya ta.