Ƙaryar da Na Yi a Kan Faifai na Biyu

Ni ce auta a gidanmu, kuma tun ina ƙarama aka san ni da tsokana. Na ɗauka karatun digiri na uku zai raba ni da halin, sai ga shi na taho da abina har Manchester.

A shekarun da gwamnatin Birtaniya ta tsuke bakin aljihu ne, ko'ina ka juya maganar cuts ake yi. Laburaren unguwarmu ya rage kwanakin buɗewa, a uni kuma duk wanda ya yi ritaya ba a ɗaukar wani a madadinsa. Ina zaune a wani ƙaramin flat a Whalley Range, kullum da safe in hau bus in tafi lab, inda nake binciken ƙwayoyin halittar da ke rayuwa cikin ƙasar noma.

Mai kula da lab ɗinmu wani dattijon Bature ne, mutumin Birmingham. Shi ke gyara mana injuna, shi ke riƙe da makullin kowace durowa. Gaban kansa sanƙo ne tal, amma ɗan gashin da ya rage masa a ƙeya ya tara shi ya ɗaure da roba. Mutumin kirki ne, aibinsa ɗaya: yana da tsohuwar rediyo mai cin faifai a saman firij, kuma faifai ɗaya tak yake sa mata. Irin kiɗan nan ne da suke kira glam metal, na wasu samari huɗu da suka yi tashe lokacin ƙuruciyarsa. Jita tana kururuwa, ganga tana ruguntsumi, mawaƙin yana ihu kamar an taka masa yatsa. Duk ɗalibin da ya yi ƙorafi, sai dattijon ya ɗaga yatsa ya ce, "Faifansu na farko ke nan. Ba a taɓa yin irinsa ba."

Wata Alhamis ina wanke kwalabe, kaina yana sarawa, ya sake faɗin haka. Sai na yi tunani, wanda ya ce na farko, ai akwai na biyu ke nan. Ban ko juyo ba na ce, "Ni dai a ganina na biyun ya fi."

Ya ajiye sukundireban da ke hannunsa. Ya dube ni daga hijabi har takalmi.

"Kin san na biyun?"

"Wa bai san shi ba?"

"Wace waƙa kika fi so a ciki?"

"Ta uku," na ce. Sai na ƙara gishiri: "Kalmominta ne ke taɓa ni."

Ya jinjina kai a hankali, ya ce lallai wannan ra'ayi ne da bai taɓa ji ba, ya ɗauki sukundirebansa ya ci gaba da aiki. Na koma gida ina jin na ci nasara.

Ran Asabar na ce bari dai in nemo abin nan in ji, kada ya sake tambayata in yi tuntuɓe. Na bi shagunan kayan gwanjo na kan Stockport Road a Levenshulme ɗaya bayan ɗaya, a na huɗu na same shi a kwali, tsakanin faifan koyon Faransanci da na motsa jiki. Da na ga bangon, na rantse mata ne. Gashi buzu-buzu har kafaɗa, janbaki, kwalli raɗau wanda ko amaryar Kano ba ta rambaɗa irinsa ba, da wando ɗamamme mai zanen damisa. Sai da na ga gashin ƙirjin ɗaya na gane inda aka dosa. Tsohuwar da ke kanta ta dubi bangon, ta dube ni, ta tambaya ko tsaraba ce zan yi wa wani. Na ce mata a'a, bincike ne.

Ina isa gida na sa shi a kwamfuta, na tsallaka kai tsaye zuwa waƙa ta uku. Na jira mawaƙin ya shigo. Na ci gaba da jira. Kiɗan ya ƙare. Babu kalma ko ɗaya a cikinta, jita ce kawai daga farko har ƙarshe.

Na zauna a bakin gado ina jin kunya tana hawa min har kunne. Wato tun ran Alhamis ya kama ni, ya bar ni ina fankama. Mai hankali da sai ya je ran Litinin ya ba da haƙuri. Ni kuwa na ce ai ba a fara da ni ba. Na mayar da faifan farko, na ɗauko littafi da biro, na zauna masa kamar mai shirin jarrabawa.

A nan ne abin ya juye min. A saurare na farko hayaniya kawai na ji. A na uku sai na fara jin tsari. Faifan da dattijo ke sa mana a lab kowa a ciki gudu yake yi, kamar an ce wanda ya riga gamawa shi za a ba abinci. Wannan kuwa sun koyi jiran juna. Ganga ce ke buɗe shi ita kaɗai, duka biyu masu nauyi suna karɓeɓeniya, sak luguden mata biyu a turmi ɗaya. Sai jita ɗaya ta faɗi magana, ta biyu ta ba ta amsa. In mawaƙin ya kai ƙarshen baiti, sauran ukun su haɗa murya su yi masa amshi, amshin da in ka ji sau biyu ya zauna maka a ka, ko kana so ko ba ka so. Wani lokaci muryarsa ta haura sama siririya, ta karkaɗa, kamar guɗar gidan biki. Waƙa ta bakwai kuwa a hankali take, ta fara da jita maras lantarki, mutum yana roƙon wadda ta tafi ta dawo. Ban yarda da ko kalma ɗaya da ya faɗa ba, don da ganin idonsa shi ne mai laifi, amma sai da na maimaita ta sau biyar. Ran Lahadi na kama kaina ina yanka albasa daidai da bugun gangar.

Ran Litinin ban bari ya cire rigar sanyi ba na ce, "Maganar kalmomin waƙa ta uku. Abin da jita ke faɗa nake nufi. Ba kowa ke jin yarenta ba."

Ya yi dariya har sai da ya dafa tebur. Daga ranar muka buɗe musu wanda ya kai mu fiye da shekara. Shi ya ce a na biyun kamfani ya yi musu wanka ya shafa musu mai don su shiga rediyo. Ni na ce a na farkon ba su iya kiɗa ba tukuna, ƙarfi kawai gare su. Ya ce na farko wuta ne. Na ce wuta ba a murhu ba ai gobara ce. Muka yi sulhu a kan kwanaki: Talata da Alhamis nawa ake sawa. Kuma ban taɓa roƙonsa ba, amma in ya ga na ɗauki dardumata zan shiga ɗakin ajiya in yi azahar, sai in ji rediyon ta yi shiru.

Sai cuts suka iso lab ɗinmu. Aka ce mutum ɗaya zai kula da lab uku, kuma ba shi ba ne. Ranar da ya kwashe kayansa ya ce min zai koma Birmingham, kuma akwai wata kasuwar tsofaffin fayafayai da za a ci can wata Asabar, makaɗin gangar ƙungiyar zai zo yana sa hannu. "Ki zo ki faɗa masa a gabansa," in ji shi, "in kina da ƙarfin hali."

Yayata tana Birmingham, GP ce, wato likita, ta girme ni da nisa, kusan ita ta raine ni. A wajenta ko ƙarar waya in ta cika zaƙi abin tuhuma ne. Na sauka gidanta ran Juma'a, na ce gobe da rana akwai wani taro na abokin aikina, kan tarihin fasaha.

"Ni zan kai ki," ta ce. "Ba kya san garin ba."

Zauren wata unguwa ne, cike da tebura da kwalaye da dattawa masu baƙaƙen riguna da tumbi. Yaya ta tsaya a ƙofa ta gyara mayafi.

"Auta, wannan ne taron?"

"Shi ne, Yaya. Ai na ce miki tarihi ne. Dube su."

Dattijona ya hango mu, ya zo ya gaishe ta da ladabi, ya ja mu zuwa wani tebur a lungu. Wani ɗan gajeren tsoho ne zaune, kai ƙwal, da tabarau a karan hanci da flas ɗin shayi a gefe. Na dubi bangon faifan da ke hannuna na dube shi. Ya nuna na biyu daga hagu, mai janbakin da ya fi na kowa ja, ya ce shi ne. Ya miƙo hannu, na dafa ƙirji na ɗan rusuna, ya mayar da hannun ya dafa nasa ƙirjin.

Na faɗa masa komai, kuma wannan karon da gaske nake. Na ce faifansu na biyu ya fi na farko, kuma abin da ya ɗaga shi gangar ce. Na kwatanta masa turmi da taɓarya, har na gwada masa da hannu yadda mata biyu ke lugude ba tare da taɓarensu sun haɗu ba. Ya saurara da kyau, ya kurɓi shayi.

"Na gode ƙwarai," ya ce. "Sai dai ba ni na kaɗa ba. Na faɗo daga kan babur kafin mu fara ɗauka, hannuna na cikin filasta. Wani aka ɗauko haya. Ni hoton kawai na shiga."

Dattijona ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa. Shi ma bai sani ba, shekara da shekaru. Yaya kuwa ta karɓi faifan daga hannuna ta ƙura wa bangon ido, sannan ta tambayi tsohon, da muryar da take tambayar marasa lafiya, ko karayar ta warke sosai, kuma da me suke goge kwallin nan. Ya ce da man girki na mahaifiyarsa. Ya sa min hannu a kan faifan duk da haka.

A mota, muna hawa babban titi Yaya ta fara.

"Kuɗin scholarship ɗin da gwamnati ta turo ki da shi, wannan kike karantawa?"

"Yaya, ba ki ji shi ba ne."

"Ba na buƙata." Ta buɗe aljihun mota ta jefa shi ciki. "Zai zauna a nan har ki gama rubuta thesis."

Na koma Manchester hannu rabbana. Dattijona ya samu aiki a lab ɗin wata makarantar sakandare a garinsu. Wanda ya gaje shi a wajenmu ba ya son ƙara, sai muka koma aiki cikin gurnanin firij, har ɗaliban da suka fi kowa ƙorafi a da suka fara cewa wurin ya yi kama da asibiti.

Bayan kamar wata biyu mijin Yaya ya kira ni. Muka gaisa, ya tambayi karatu, sannan ya yi ƙasa da murya.

"Auta, wani faifai ne na tarar a motar yayarki. Duk sanda na tayar da motar, a waƙa ta bakwai yake. Na tambaye ta, ta ce naki ne, tana duba abin da kike ji ne don ta san irin nasihar da za ta yi miki."

Na ce masa ya ƙyale ta, nasiha ai sai da bincike. Har na gama thesis na kare shi, ba a maido min da faifan ba, kuma nasihar ba ta iso ba.