Alhaji Isufu, Mutanenka Sun Dawo

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan labari ya iske ni. Ina tsaye a ƙofar ginin kasuwar Tianxiu, nan Guangzhou, da kofin shayi a hannu, ko shago ban buɗe ba, sai ga kiran ƙaninsa daga Maraɗi: Alhaji Isufu mai lasifika ya rasu. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki, aka kai shi asibiti, shi ke nan. In gari ya waye a can za a yi masa sutura.



Hutu fa ya tafi. Ya bar min makullin shagonsa, ya kuma bar min tambaya guda, ya ce in ajiye masa amsa sai ya dawo. Amsar tana bakina tun makon jiya. Tunda babu damar in faɗa masa, ku zan faɗa wa.

Ga waɗanda ba su san shi ba, shi ne ubangidana a Guangzhou. Ranar da na fara sauka a filin jirgin Baiyun daga Kano ban san kowa ba, ko gaisuwar "nihaw" ban iya ba. Yayana ne kawai ya ba shi lambata. Ya zo da kansa ya ɗauke ni, ya ajiye ni a ɗakinsa, ya koya min sayen lasifika da amfilifaya ana lodawa gida. Bai taɓa kira na da sunana ba. Kullum "Bakano".

To, ga abin da zai ba wasunku mamaki. Dattijon nan mai furfura da carbi, babu kiɗan da yake so a duniya irin thrash metal. E, wannan na Turawa, mai jitar lantarki da ganga kamar an tada injin markaɗe.

Ya ce yana saurayi yana gyaran rediyo a Yamai, wani Bature ya kawo rakoda, bai dawo ya karɓa ba. A ciki ya tarar da kaset. Da ya kunna ya zaci rakodar ce ta ƙara lalacewa, har ya ɗauko sukundireba. Ashe haka kiɗan yake. Kundin waƙoƙi ne na farko na wasu samari, lokacin ba su da kuɗi ba su da suna, sai fushi da gudu. Tun daga ranar "mutanena" yake ce musu. Ba ya jin Turancinsu ko kaɗan, shi da Faransanci ya yi boko, kuma bai taɓa damuwa ya ji ba.

Da wannan kundin yake gwada kaya. Duk lasifikar da za ta shiga kwantena sai ta ɗanɗani mutanensa. In muka shiga kasuwar Liwan, Lawban Liu, Basinen da muke saye a wajensa, yana hango mu zai toshe kunne yana ihu, "Alhaji, wuta meyo! Yau wuta meyo!" Wai babu lantarki. Alhaji ya yi dariya ya jona abinsa.

Na taɓa tambayarsa, "Alhaji, lasifikar masallaci fa za a kai, me ya haɗa ta da wannan hayaniya?"

Ya ce, "Bakano, wadda ta ɗauki mutanena ba ta yi kuka ba, za ta ɗauki muryar ladan har jikokinka su ji."

Kuma haka ne. Ban taɓa jin an dawo masa da kaya ba.

Yana da wani murfin kwalba a aljihu. Zai ɗora shi a kan lasifika ya kunna. Da tsohon kundin, murfin zai dinga tafiya a hankali, yana rawa, har ya faɗo ƙasa kafin waƙa ta ƙare. Sai ya tafa ya ce da Faransancinsa, "Wala!" Amma kundayen da mutanen nasa suka yi daga baya, bayan sun yi kuɗi sun yi tumbi, murfin zama yake daram ko motsi babu. Abin yana yi masa ciwo ƙwarai. Sai ya girgiza kai ya ce, "Sun ƙoshi."

Bana suka fitar da sabon kundi, dukkansu sun tsufa. Intanet ta ɗauka, wasu na cewa sun koma sautinsu na farko, wasu na cewa tallar banza ce. Alhaji ya ƙi ji a waya. Ya ce wannan raini ne.

Ganinmu na ƙarshe ke nan, ana gobe zai tashi, bayan la'asar. Ya ja ƙofar shago, ya fito da manyan lasifikun da ba ya sayarwa, ya ɗora murfi, ya kunna.

Murfin ya yi tafiyarsa ya faɗo.

Na daka tsalle na ce, "Alhaji, shi ke nan, sun dawo!"

Bai yi dariya ba. Ya sunkuya ya ɗauki murfin yana juya shi a hannu. Ya ce, "Bon. Ganga ta dawo, wannan har a ƙirjina na ji. Amma murfi ba ya jin jita, Bakano. Ni ma yanzu ba na ji."

Ranar na san yadda kunnensa ya yi nisa. Mun san na hagu ya yi rauni, shi da kansa yake cewa ya yi ritaya. Ban san na daman ma ya fara bin sahu ba. Siraran sautuka duk sun ɓace masa, kuma a can cizon jitar yake, abin da ya kama shi tun yana saurayi. Shi ya sa kwanan nan yake dafa lasifika da tafin hannu in yana gwaji, yana satar kallon fuskata.

Ya ce, "Kai ne kunnena. Kada ka ba ni amsa yau, ba a yanke hukunci a ji na farko. Ka ji tsohon, ka ji sabon, ka sake. In na dawo ka gaya min gaskiya, kuma kada ka rufa musu asiri don ni."

Na ce to.

Sai ya ƙara da cewa, yana murmushi amma ba wasa yake ba, "In tsofaffin nan sun iya komawa, ni ma zan ci gaba da shago. In ba su iya ba, to lokacin komawa Maraɗi ya yi, in zauna ƙofar gida in bar muku."

Aka kira magariba a wayarsa, ya kashe komai nan take kamar yadda ya saba, ya ja mu salla. Da zan tafi ya danƙa min makulli da murfin.

Na yi aikin da ya sa ni. Na ji tsohon, na ji sabon, na sake, har maƙwabcin shagonmu ɗan Kumasi ya rantse sai ya kai ƙarata. Ga hukuncina, kuma ko a gaban wa zan maimaita.

Muryar mai waƙar ta tsufa, ba ta hawa inda take hawa da. Wannan ba a ɓoye yake ba. An kuma goge rikodin ɗin ya yi tsaf fiye da kima, babu dattin nan na kaset mai daɗi. Akwai waƙoƙi biyu a tsakiya da ko an cire su babu wanda zai yi kuka.

Amma jitar? Kai jama'a! Jitar tana cizo. Wannan kaifin da yake sa ka ji kamar ka tashi ka yi gudu ba ka san inda za ka ba, yana nan. Ba kwaikwayon kansu suke yi ba, yunwar ce ta dawo. Duk mai cewa talla ce, a waya ya ji, ya zo shago in kunna masa.

Na san wani zai shigo kwament ya ce bawan Allah ya rasu ana zancen kiɗa. Malam, dakata. Ni na zauna da shi. Na ga lasifikun da ya aika masallatan ƙauye bai karɓi ko sisi ba, ya hana ni faɗa. Na ga baƙin da ya kwasa daga filin jirgi, na Zinder da na Tamale da na Sakkwato, ya ciyar bai tambayi ɗan wane ne ba. Da na kwanta ciwo shi ya dinga dama min kunu da hannunsa. Hisabinsa yana wajen Ubangijinsa, kuma Ubangijinsa mai rahama ne. Ni abin da na sani nake faɗa.

Ɗazu na kira Lawban Liu na gaya masa. Ya ce in na zo in taho da kiɗan, wuta akwai.

Alhaji, ga amsarka: mutanenka sun dawo. Da kai ma ka dawo, da babu zancen zaman ƙofar gida.

Shago kuma ba zai rufe ba in iyalinka sun yarda. Murfin yana aljihuna, kuma babu lasifikar da za ta shiga kwantena ba ta ɗanɗana ba.

Ya Allah ka jiƙan Alhaji Isufu, ka yafe masa kurakuransa, ka haskaka kabarinsa. Duk kiran sallar da ya fita ta lasifikar da ya bayar, ka sa ladan a mizaninsa. Ka ba iyalinsa haƙuri, mu ma ka ba mu.

Don Allah duk wanda ya karanta har nan, ko bai san shi ba, ya tsaya ya yi masa addu'a kafin ya wuce.