Dajin Umaru da Kwazazzabon Bawa

Da damunar bana wana Umaru ya cika shekara ashirin da shida a ƙasa. Ni kuwa Bawa, da kowa ya ɗauka bakina zai kashe ni da wuri, ga ni zaune da haƙora uku da ɗan bokon da na tsinta a ajin yaƙi da jahilci. Abin da ya tuno mini da shi, rediyo ce. Kullum sai na ji 'yan majalisa suna musu a kan ko ya dace a kashe kuɗin gwamnati wajen dashen itace da tare zaizayar ƙasa. Wannan musu ya girme su duka. Ni na fara shi a garinmu.

Lokacin Turawa ba su daɗe da zama ba. Baturen daji ya zo Gehuru ya ce za a ɗebi kuɗi daga baitulmali a keɓe tudun da ke bisa gonakinmu, a hana sara, a dasa gamba a gindin gonaki ta hanyar da ruwa ke bi, a ɗauki mai gadi. Aka taru ƙofar dagaci. Ni da ba a tambaye ni ba na miƙe.

Na ce, "Ranka shi daɗe, harajin da munka biya za a ba ciyawa? Ciyawar da Allah ka hiddowa kyauta? A gina muna rijiya, mata su huta."

Aka yi dariya har tafinta ya kasa fassarawa. Mako guda ana nuna ni a kasuwar Jega, ni kuma ina tafiya kamar na ci yaƙi.

Ba a ji maganata ba. Da aka tashi ɗaukar mai gadi kuma, sai aka ɗauki Umaru, uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya. Mutum ne mai sanyi, sai ya yini bai yi magana goma ba. Ya bi gindin gonaki yana dasa gamba, har da gonar da na gada, wadda ita kaɗai ke ciyar da gidana.

Manomi ba ya iya kallon ƙasa mai kyau ciyawa na zaune a kanta. Na auna da ido, na ga gambar nan ta cinye mini kunya biyu ta gero. Na bari ta yi tsawo, na yanke na saƙa zana na sayar, sannan na sa hauya na tuge saiwar da rana tsaka don kowa ya gani.

Umaru ya zo ya tsaya.

"Bawa, gambar nan ita ka riƙe ma gona."

"Yaya, Allah ka riƙe gona. Kai dai riƙe albashinka."

Bai kai ni ƙara ba. Ya ce, "To," ya wuce.

Damunar farko ruwa ya tsaga 'yar hanya a gonata, nakan tsallake ta ina waƙa. Ta biyu jakina ya duba ya ƙi. Ta uku na wayi gari rabin gona ya tafi wajen Maiyama bai yi mini sallama ba. Gonakin maƙwabta, masu gamba, ko gezau.

Shekarar ce aka so a janye kuɗin gadin, don wasu manya sun ce asara ce. Umaru bai yi musu da kowa ba. Ya jawo Bature da hakimi har bakin ramin, ya nuna gonata, ya nuna ta maƙwabta. Ina tsaye da hauya a kafaɗa. Hakimi ya ce, "Wane sakarai na yat tuge gambar nan?" Umaru ya ce, "Ƙanena na, ranka shi daɗe, amma ya ji jiki." Aka fasa janye kuɗin. Duk ƙasar nan babu wanda ya taimaki wannan aiki kamar ni.

Da yamma ya zo gidana ya ce in riƙa noma yankin gonarsa na gabas. Na noma shi har ya rasu, bai taɓa tuna mini ba. Ya dai dasa gamba a gindinsa, ni kuma ko akuya ban bari ta kusance ta ba.

Ban janye maganar rijiya ba. Matanmu sun daɗe suna ɗaukar tulu zuwa fadama, kuma masu cewa a fara da ruwa da magani ba mahaukata ba ne. Amma da Umaru na raye, ba zai saurari rediyo ba. Zai ce a zuba 'yan majalisar a mota a kawo su Gehuru, kallo kyauta ne.

Tudun yana nan da itatuwansa, makiyaya na hutawa a inuwa, ana kiransa Dajin Umaru. Ramin ma yana nan, ya isa ya haɗiye raƙumi da kayansa, har jikokina Kwazazzabon Bawa suke ce masa. Allah ya yi wa Yaya rahama, ya sanyaya makwancinsa kamar yadda ya sanyaya wannan tudu. Mu biyu duk mun bar suna a ƙasar nan, sai dai nawa kowace damuna ƙara faɗi yake yi.